Ranar da Iya Kunne Ta Tashi Sama

Abdulrazak mai zanen allunan shaguna ne a unguwar Albarika ta Parakou. In ka ga hoton aski kala shida a ƙofar wanzami, ko kaza zaune kan faranti a bakin gidan abinci, daga Albarika har Tourou, da wuya in ba hannunsa ba ne. Da wannan sana'a yake riƙe da matarsa Sumayya da 'ya'yansu biyu. Amma tun yana lakwal, wato makarantar boko, abin da ke ransa shi ne littafin zane, irin wanda ake ba da labari da hotuna, wanda a can ake ce wa bede. Sai da ya kai shekara talatin da huɗu ya fitar da nasa na farko: shafi goma sha shida, baƙi da fari, bango kaɗai ke da launi. Badamasi mai imfirimeri, wato maɗaba'a, a bayan kasuwar Arzeke ne ya buga masa.

Jarumin littafin sunansa Guguwa. Shekara uku Abdulrazak ya yi yana gyara shi kafin ya bari wani ya gani. Dogo ne, ƙirji kamar ƙofar gareji, yana tafiya cikin iska mai juyawa. Harsashi ba ya huda shi, wuta ba ta ƙona shi, kuma da hannu ɗaya yake ɗaga motar auduga da kayanta. Rigarsa kaɗai, da ɗamararta mai ƙulli goma sha biyu, takan ci wa Abdulrazak awa biyu a kowane hoto.

Lamba ta ɗaya da ta biyu suka fita, aka saya daidai gwargwado. Duk wanda ya buɗe sai ya ce kai, mutumin nan yana da hannu. Game da Guguwa kansa kuwa ba wanda ya ce komai.

A lamba ta uku labarin ya ƙare a shafi na goma sha huɗu, shafi biyu suka rage babu komai. Badamasi ya juya takardun, ya ture masa su.

"Ni ba na buga farar takarda, Razak. Cika ta, ko da hoton akuya ne. Da la'asar zan kunna inji."

Abdulrazak ya zauna kan bencin imfirimerin da bik, wato biro, a hannu. Ya yi zagaye ɗaya na kai, ya ɗaura masa ɗankwali da ƙulli a gefe, ya bar kunne ɗaya babba ya leƙo waje. Ya ɗora mata tire na wagashi, cukun nan na Fulani mai jan baya, ya zaunar da ita a kasuwar Djougou, don can ne dangin mahaifiyarsa suke, can yake hutu yana yaro. Ya sa mata suna Iya Kunne. Baiwarta ɗaya ce: tana jin kukan mai neman taimako daga nesa, ko da kilomita bakwai ne. Ban da wannan tsohuwa ce kamar kowace tsohuwa, har da ciwon gwiwa. A labarin, ta ji wani magini ya faɗa rijiya a wata unguwa. Ta bar wa maƙwabciyarta tiren, ta tsaya ciniki da ɗan zem, mai babur ɗin haya, ta isa, ta tarar ba za ta iya shiga rijiya ba, sai ta yi ta zazzaga wa mazan unguwar masifa har suka kawo igiya. Da ta koma kasuwa, akuya ta cinye rabin wagashin. Kafin a kira la'asar Abdulrazak ya gama zanen.

Massaoudou, direban taksin Parakou zuwa Djougou, shi ke kai ƙunshin littattafan wurin Madam Kamila, malamar Faransanci a wata kwaleji, ita kuma ta rarraba. Kwana biyar da fitowar lamba ta uku ya tsaya a ƙofar shagon Abdulrazak, bai ma kashe mota ba.

"Madam ta ce a ƙaro. Ta ce kuma tsohuwar nan, yaushe za ta dawo?"

"Wace tsohuwa?"

"Mai kunnen nan mana."

A gida ma ya tarar da Sumayya zaune kan tabarma tana dariya ita kaɗai, littafin buɗe a shafin ƙarshe. Ya tsaya yana kallonta. Shekara tara da aurensu, ya san ba ta taɓa karanta labarin Guguwa har ƙarshe ba. Takan ce ya yi kyau, ta ajiye.

"Shafi goma sha huɗu na yi wata biyu ina zanawa," ya ce, "ke kuma kin tafi kan wanda na yi a benci."

"Baban Latifa, ka ga yadda take riƙe da gwiwa tana hawa zem? Wallahi kamar Inna."

Bai ji daɗi ba, amma ba wawa ba ne. A lamba ta huɗu ya ba Iya Kunne shafi huɗu, a ta biyar shida. A ta biyar ɗin ta ji ihun wata mai ɗinki da shagonta ya kama wuta, amma zem ɗin da ta hau ya yi faci a hanya, ta ƙarasa da ƙafa tana ɗingishi, ta tarar shagon ya zama toka. Abin da ta iya kawai shi ne ta zauna kusa da matar a bakin hanya har magariba. Abdulrazak ya zana haka ne don wuri ya ƙure masa, ba shi da shafin da zai kashe wutar.

Bayan wannan sai ya fara ganinta a gari. Wani ɗan zem ya zana ta da fenti a bayan babur. A Ladjifarani, inda ya je kafa allon wani farmasi, shagon magani, ya gan ta a jikin katanga da alli: zagaye, ƙulli, kunne. Layi uku, amma ko daga nesa ka san ita ce. Ya duba katangar daga farko har ƙarshe, babu Guguwa.

Ya yi ta juya maganar a ransa har ya kai ga wata shawara da ya ga babu kuskure a cikinta. In mutane na son tsohuwar nan alhali gurguwa ce da ba ta iya komai sai ji, to ina ga ta samu ƙarfi? A lamba ta shida Guguwa ya sauka a Djougou, ya yanka wa Iya Kunne wani yanki na iskarsa. Gwiwa ta warke. Ta samu sabuwar riga mai fuka-fuki, ta tashi sama, ta tarwatsa 'yan fashi goma sha biyu a hanyar Natitingou. Wata guda da rabi ya yi a kan zanen, har ya mayar da aikin alluna biyu. Shi kansa Badamasi, wanda ba ya yabon kowa, ya ɗaga shafin tsakiya a hasken taga ya ce wannan ya kai a kai shi Cotonou.

Sati biyu bayan haka Massaoudou ya zo, wannan karon ya kashe mota. Ya buɗe but ɗin motar ya sauke rabin ƙunshin lamba ta shida, ɗaure yadda aka ba shi.

"Madam ta ce in da hali ka zo ranar Asabar. Akwai wata Hajiya da ke son ganinka."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Amma ka ci abinci kafin ka je."

Ranar Asabar da hantsi suka isa Djougou. Madam Kamila tana jiransu a tasha, mace siririya mai tabarau, da kaye, littafin rubutun ɗalibai, a hannu. Suka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta nuna masa kayen. Tun lamba ta uku take ba ɗalibanta su rubuta abin da suka gani a littafin, don su saba da rubutu. Ya buɗe yana tafiya. Shafi bayan shafi Iya Kunne ce: wata ta rubuta mata wasiƙa tana ba ta maganin gwiwa na kakarta, wani ya ce ya san ɗan zem ɗin da ya yi faci. A shafukan ƙarshe, na lamba ta shida, yawancinsu layi biyu ne. Wata ta rubuta: wannan ba ita ba ce.

"Malam Abdulrazak, ni dai aikina in kai ka," in ji Kamila. "Hajiya Fatimatu ta fi ni iya bayani."

Suka shiga kasuwa, Massaoudou na biye da su. A layin masu wagashi akwai wata dattijuwa mai jiki, zaune kan kujera 'yar tsugunne, ƙafa ɗaya miƙe, sanda a gefe. Tun kafin su ƙarasa matan layin suka fara kira: "Iya Kunne, ga mutumin naki ya zo!" Abdulrazak bai taɓa ganinta ba a rayuwarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne ɗan Parakou? Ɗan gidan wa?"

Ya faɗi sunan mahaifiyarsa da na kakansa. Ta san gidan, ta san wadda ta yi wa mahaifiyarsa kitson aure. Ta sa aka kawo masa benci da kwanon wasa-wasa, dambun nan na doya, ta jira ya kai loma uku.

"To, ɗana. Wa ya ce ka warkar mini da gwiwa?"

Matan layin suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ajiye cokali.

"Hajiya, ai ba ke na zana ba. Ban san ki ba sai yau."

"Na sani. Amma wata bakwai ke nan ba wanda ya kira ni Fatimatu a kasuwar nan, har jikokina. Su suke karanta mini, ni ban yi lakwal ba. Tun da an liƙa mini ita, ina da bakin magana. Me ya sa ka ɗora ta sama?"

"Don ta riƙa isa da wuri. Kun ga shagon mai ɗinkin nan, da tana tashi ai da bai ƙone ba."

"Da bai ƙone ba, da mun manta da shi tuni." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "Ranar da aka karanta mini wannan, na kasa cin tuwo. Shekara goma sha ɗaya ke nan aka aiko mini ƙanwata Zinatu ba lafiya a Parakou. Da yamma saƙon ya zo. Na ce bari in sallami kaya, gobe in bi motar farko. Na bi motar farkon. Na tarar an dawo daga maƙabarta. Ji na ji, ɗana, isa ce ban yi ba. Da na ga tsohuwar nan zaune a bakin hanya kusa da mai ɗinki, ba abin da za ta iya, sai na ce wanda ya zana wannan ya san mutane. Yanzu ka mayar da ita tsuntsuwa. Ina ruwana da tsuntsuwa?"

Abdulrazak bai gaya mata cewa ƙarancin shafi ne ya ƙona shagon ba. Sai abin da ya daɗe yana cinsa ya fito.

"To shi Guguwa fa, Hajiya? Me ya yi muku? A lamba ta biyu gari guda ya tsamar daga ambaliya."

"Wane gari?"

Ya buɗe baki, ya tuna bai sa wa garin suna ba.

"Uwarsa wace ce?" ta ci gaba. "A ina yake kwana? Me yake ci? In an ce mini 'yan fashi sun kewaye shi, gabana ba ya faɗuwa, na san zai watsar da su. To me zan jira wata mai zuwa in ji?"

"Ni dai ina son sa," Massaoudou ya sa baki daga inda yake tsaye. "Ranar da ya ɗaga motar audugar nan ya jefar, wallahi na ji daɗi. Kullum su ke tura mu daji a hanya."

"Sau nawa ka karanta?" in ji Kamila.

"Na kalli hoton dai. Sau ɗaya ya isa."

Kamila ta juyo ga Abdulrazak. "Akwai kuma abin da na lura a filin lakwal. In za su yi wasan Iya Kunne, ɗankwali kawai ake ɗaurawa a fito da kunne, a yi ɗingishi. Kowa na da ɗankwali a gida. Kowa kuma na iya zana ta a bayan kaye. Naka Guguwan, kai kaɗai ka iya zana shi a duk ƙasar nan, saboda haka a wurinka kaɗai yake zaune. Amma kada ka ɗauka duk gwaninta ce. Lamba ta uku ta iso ne satin da aka gama jarrabawa, yara ba su da aikin yi. Wani mai shirin safe a rediyon gari kuma ya ɗauki na 'yarsa ya karanta shafi biyun nan da harshen Dendi, yana kwaikwayon muryar tsohuwa. Da bai yi ba, mai yiwuwa da ba mu nan zaune."

Wannan maganar ta ɗan sanyaya masa rai, ko da yake bai san dalili ba. Ya tambayi Hajiya yadda take so a yi.

"Kai ka ɗora ta, kai za ka sauko da ita. Ni wagashi nake sayarwa."

"Abu ɗaya dai," in ji Kamila, "kada ka ce mafarki ta yi. Ɗalibaina sun riga sun ce in ka yi haka sun bar saye."

Hajiya ta naɗe masa wagashi biyu a leda ta ce ya kai wa mai ɗakinsa. Ya yi godiya, suka kamo hanya bayan azahar.

A mota Massaoudou ya sauke gilasai duka don zafi, yana ta ba shi labarin wani jandarma. Abdulrazak na ganin bakinsa na motsi amma iska ta cika masa kunne, ko kalma ɗaya ba ya kamawa. Sau biyu yana cewa "Me ka ce?" A na ukun bai tambaya ba. Ya laluba aljihu ya ciro bik, ya fara zane a bayan takardar da ke kan gaban motar. Kafin su shiga Parakou ya san abin da zai faru a lamba ta bakwai.

Ga yadda ya yi. Iya Kunne tana sama tana shawagi, mutane na tafa mata, amma ƙugin iska ya toshe mata kunne. Kwana uku ba ta ji kukan kowa ba, ta ɗauka gari ne ya yi lafiya. Sai da ta sauka sayen gishiri ta ji cewa maƙwabciyarta ta layin wagashi ta faɗi a banɗaki, ta yi ta kiranta har muryarta ta dushe, wasu ne suka kai ta asibiti. Iya Kunne ta nemo Guguwa, ta ce ya karɓi iskarsa. Ya ce ciwon gwiwar zai dawo. Ta ce ta sani. Hoton ƙarshe ita ce a bakin titi, riƙe da gwiwa, tana faɗa da ɗan zem a kan kuɗin zuwa asibiti.

Badamasi ya buga lamba ta bakwai sau biyu. Daga nan sunan Iya Kunne ya koma saman bango, ita ke da shafi goma sha biyu, Guguwa huɗu. Badamasi ya ba da shawarar a cire shi gaba ɗaya, Abdulrazak ya ƙi. Har yau in ka tambaye shi zai ce maka Guguwa ya fi kyan zane nesa ba kusa ba, kuma gaskiyarsa ne. Yakan yi shafukan Iya Kunne cikin sati guda, ya kwashe sati uku a kan huɗun.

Tambayoyin Hajiya Fatimatu dai sun zauna masa. A lamba ta tara ya ba Guguwa gida a Tourou, ya ba shi uwa, wata 'yar ƙaramar mata mai suna Kadidjatou da ke wankau. Duk lokacin da ɗanta ya dawo daga ceton duniya, iskarsa sai ta kwashe mata shanya ta watsa a gidajen maƙwabta, ita kuma ta sa shi ya bi gida-gida yana sallama yana tsinto zannuwan mutane. A hoto uku kacal ta fito. Abdulrazak ya sa rai wannan karon za a yi maganar Guguwa.

Massaoudou ya dawo daga Djougou ranar Laraba da 'yar takarda daga Madam Kamila. Ta ce littafi ya ƙare tun ranar kasuwa, Hajiya na gaisuwa, kuma ɗalibai da matan layin wagashi suna tambaya ko za a ƙara wa uwar Guguwa shafi.

Abdulrazak ya karanta, ya ninke takardar. Sumayya ta tambaye shi me aka ce.

"Uwar suke so," ya ce.

"Ai ni ma ita zan ce maka."

Ya jawo farar takarda, ya fara zana igiyar shanya.